Ladi Kwali: Maginiyar da ta kai tulun Gwari cikin wutar tangaran

A gidajen adana kayan tarihi na Landan da Washington akwai wasu tuluna masu faɗin ciki da gajeren wuya, an zane jikinsu da ƙadangaru da kifaye da tsuntsaye. Duk wanda ya tashi a gidan da ake ajiye randa a gindin bishiya zai gane su da kallo ɗaya. Amma da zai cika ɗaya da ruwa da hantsi ya dawo bayan la'asar, yadda ya zuba haka zai tarar, ba sanyi ko kaɗan. Da kuma zai ce zai je rafi da shi, nauyin tulun kaɗai ya ishe shi kaya.

Matar da ta gina su ita ce Ladi Kwali, wadda ta rasu a 1984. Ba ta yi karatun boko ba, amma Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin dakta na girmamawa, kuma hotonta ne a bayan takardar naira ashirin da 'yan kasuwarmu na Adjamé da Treichville kan dawo da ita a aljihu in sun je gida, ko sun je sari Kano da Legas. Yawancin abin da ake rubutawa a kanta jerin lambobin yabo ne. Ni abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne aikin kansa: yadda mace mai shekara kusan talatin, wadda ta riga ta yi suna a sana'arta, ta yarda ta koma ɗaliba, ta karɓi sabon yumɓu da sabuwar wuta, da kuma abin da ta riƙe ta ƙi saki.

Hannu da yumɓu a Kwali

An haife ta wajen 1925 a Kwali, wani gari na ƙasar Gwari da yau ke cikin yankin Babban Birnin Tarayya, kan hanyar Abuja zuwa Lakwaja. Mu ne ke ce musu Gwari, su kuwa Gbagyi ko Gbari suke kiran kansu. Sunanta kuma namu ne, Ladi, sunan da ake sa wa yarinyar da aka haifa ran Lahadi, abin da ke nuna daɗewar cuɗanyar mutanen wurin da Hausawa. A ƙasarsu ginin tukwane aikin mata ne, yarinya tana koya tun tana ƙarama, tana miƙo ruwa, tana cuɗa yumɓu, har ranar da za a bar ta ta ɗaga ƙaramar tukunya da kanta. Ladi ta koya a hannun ɗaya daga cikin iyayenta mata na dangi.

Ya kamata a tsaya a kan yadda suke ginin, domin duk labarinta a nan ya rataya. A garuruwan Hausa da yawa magini kan kife tsohuwar tukunya ya lulluɓa mata yumɓu, ta zama masa ma'auni, in gindin ya sha iska ya cire ya ɗora sauran. Matan Gwari ba sa haka. Curin yumɓu maginiya ke ajiyewa a kan wani abu mai ɗan tudu, ta naushe tsakiyarsa ya yi rami, sannan ta sa hannu ɗaya ciki ɗaya waje ta riƙa jan bangon sama. Tukunyar tana zaune wuri guda, maginiyar ce ke zagaya ta, a sunkuye, tana tafiya da baya sannu a hankali. In yumɓun da ta fara da shi ya ƙare sai ta murza wani ya yi tsawo kamar igiya mai kauri, ta ɗora a baki, ta murje shi ya haɗe da na ƙasa, ta ci gaba da zagayawa. Babu awo babu injin, daidaiton da'irar yana cikin takun ƙafarta da nauyin yatsunta. Bakin tulun kuwa da jiƙaƙƙen ƙyalle ko ganye ake lanƙwasa shi a zagaye ɗaya ko biyu. Waɗanda suka ga Ladi tana wannan aiki sun sha kwatanta shi da rawa, kuma hotunan da aka ɗauka suna nan suna ba su gaskiya.

In tulun ya ɗan taurara, bai bushe sarai ba, sai ado. Ana mirgina guntuwar igiya murzajjiya ko ɗan icen da aka sassaƙa wa haƙora a jikinsa, ya bar sawu kamar saƙa. Ana kuma tsaga zane da wani siririn makami mai kama da wuƙa. A nan Ladi ta yi wa tsararrakinta nisa. Takan raba jikin tulu gida-gida da layuka masu saukowa daga kafaɗa, a kowane gida ta zaunar da dabba guda: kunama, ko hawainiya, ko kada, ko maciji, ko kifi, ko tsuntsu. Ba ta zana dabbar yadda ido ke ganinta a daji, takan shimfiɗe ta, ta cike cikinta da ƙananan layuka, ta miƙar da wutsiya ko ƙafa har ta dace da ƙugun tulun.

Tuyar ma a fili ake yi. A jera busassun tukwane, a lulluɓe da kirare da ciyawa, a cinna wuta, cikin ɗan lokaci ta ci ta mutu. Zafin irin wannan wuta bai cika wuce digiri 700 zuwa 800 ba. Tun tukunya na da zafi akan yayyafa mata ruwan makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, ya ba ta duhu da ɗan sheƙi, ya kuma rage mata yoyo.

Wanda bai sani ba zai ɗauka wannan ƙaramar wuta gazawa ce. Hikima ce babba. Yumɓun da bai sha wuta sosai ba yana barin ƙofofi ƙanana da ido ba ya gani, ruwa ya riƙa tsattsafowa ta cikinsu, tulu ya yi gumi, iska ta busar da gumin ta tafi da zafi. Sanyin ruwan randa ke nan, firij ɗin da ba ya neman lantarki. Haka kuma yumɓu mai tsakuwa-tsakuwa da sakakken jiki yana jure harshen wuta a kan murhu bai tsage ba. Matan Katiola a nan Kodebuwa, da na Mirya kusa da Damagaram, da na Bubon a bakin Kwara, duk a kan wannan ilimi suke aiki har yau.

Sarki da Bature

Tun kafin wani Bature ya ji sunanta, tukwanen Ladi sun fita daga sahun kayan ɗiban ruwa. Masu hali na sayensu don ado, kuma cikin masu tarawa har da Sarkin Abuja, Alhaji Sulaimanu Barau, wanda ya hau gadon sarauta a 1944. A lura, Abujar da ake nufi a nan ita ce tsohuwar, garin da zuriyar sarakunan Zazzau na Haɓe suka kafa a ƙarni na 19 kusa da dutsen Zuma bayan jihadi ya fitar da su daga Zariya. Da aka yanke shawarar gina sabon babban birnin Najeriya a 1976 sai aka ɗauki sunan aka ba sabon birnin, tsohon garin ya koma Suleja, daga sunan shi wannan sarki.

A gidan Sarki Sulaimanu ne, a 1950, wani maginin Ingila mai suna Michael Cardew ya fara ganin aikinta. Shi Cardew ba baƙon wahalar yumɓun Afirka ba ne. Almajirin Bernard Leach ne, wanda ya haɗa ginin tukwanen Ingila da na Japan. A 1942 ya zo Gana, lokacin ana ce mata Gwalkwas, don ya riƙe masana'antar tukwane ta Kwalejin Achimota, aka rufe ta bayan 'yan shekaru. Ya koma Vume a bakin kogin Volta ya kafa tasa da kuɗinsa, ya yi ta fama da yumɓun da ke fashewa da shafin da ya ƙi narkewa yadda yake so, har rashin lafiya ta kora shi gida a 1948. Da gwamnatin mulkin mallaka ta Najeriya ta ɗauke shi jami'in harkar tukwane, sai ya zagaya ƙasar yana duba yumɓu da itace da ruwa da aikin magina.

Abin da ya faɗa wa gwamnati abin a yaba masa ne. Ya nuna cewa tukwanen gargajiya sun dace da aikin da aka yi su dominsa, ba su buƙatar wani ya zo ya gyara su. Abin da babu a ƙasar shi ne kayan cin abinci masu sheƙi, faranti da kofi da butar shayi, waɗanda ma'aikata da 'yan boko suka fara nema ana shigo da su daga waje. Don a riƙa yin irin waɗannan a gida aka buɗe Cibiyar Koyar da Ginin Tukwane a Abuja a farkon shekarun 1950, da goyon bayan Sarki. Ɗaliban farko duk maza ne. A ƙarshen 1954 Ladi Kwali ta shigo, ita ce mace ta farko.

Akan ce wai Cardew ne ya gano ta. Maganar na ba ni dariya. Matar da sarkin ƙasarta ke ajiye aikinta a gidansa ba ɓatacciya ba ce balle a gano ta. Akwai kuma abin da ya kamata mu Hausawa mu faɗa wa kanmu a nan: mun daɗe muna mayar da Bagware abin barkwanci, har wanda bai iya magana ba mukan ce yana gwaranci. Sarkin Hausawan Abuja dai bai ɗauki hannun Bagwariya da wasa ba.

Sabuwar wuta

Abin da ta tarar a cibiyar wata duniya ce dabam, ko da yake duk yumɓu ne. Na farko akwai keken gini, faifai mai juyawa da ake turawa da ƙafa, inda magini ke zaune tukunya na zagayawa, kishiyar abin da ta saba tun tana yarinya. Keke yana son yumɓu mai laushi wanda aka tace aka cire masa tsakuwa, in ba haka ba ya yanke hannu. Na biyu akwai tanderu, ginin bulo mai rufi da bututun hayaƙi, wanda ake ciyar da shi itace dare da rana har zafinsa ya haura digiri 1,200. A irin wannan zafi yumɓun tukunyar gargajiya narkewa yake ya sulale. Dole a haɗa wani yumɓun da zai jure, a cakuɗa na gida da farin yumɓun da ake kira kawolin, irin wanda ake samu a wuraren haƙar kuza na Jos. Shi wannan haɗin in ya sha wuta ƙofofinsa toshewa suke, ya koma kamar dutse, in ka ƙwanƙwasa ya yi ƙara kamar ƙarfe.

Na uku shi ne shafin sheƙi, wanda a gaskiya gilashi ne siriri da ake narkarwa a jikin kwano. Ba a kanti ake sayo shi ba. Niƙa duwatsu ake yi su zama gari, a haɗa da tokar itace da yumɓu, a dama da ruwa kamar kunu, a tsoma kwanon a ciki. Kafin tuya ba ya da kyan gani, fari-fari ne ko toka-toka kamar an shafa ƙasa. Sai wuta ta narkar da shi launinsa ke fitowa, kuma launin ya danganta da yawan sinadarin ƙarfe da ke cikin haɗin da yadda aka sarrafa hayaƙi a tanderu. In aka shaƙe wutar ta rasa iska, ɗan ƙarfen kan ba da kore-kore ko shuɗi-shuɗi, in ya yi yawa ya ba da baƙi mai ja a gefe. Duk wanda ya canza dutse ko ya canza irin itacen da ya ƙona ya samu toka, ya canza sakamako. Saboda haka aikin cibiyar gwaji ne ba ƙarewa: a shafa wa 'yan guntaye haɗi iri-iri, a sa a tanderu, a jira ya huce, a buɗe a ga wanda ya yi da wanda ya lalace. Har akwatunan yumɓun da ake jera kaya a ciki don kare su daga toka da harshen wuta, su ma a nan ake gina su. Daga irin wannan fama ne Cardew ya tara abin da ya rubuta a littafinsa Pioneer Pottery, wanda ya fito a 1969.

Ladi ta koyi keke, kuma ta iya. Ta yi faranta da kwanuka da kofuna da butoci. Ta ɗauki wata dabara da ta dace da hannunta: a tsoma kwano cikin ruwan yumɓu mai wani launi, fari ko ja, kafin ya bushe a karce zane ta cikinsa, launin ƙasa ya bayyana. Wani lokaci da tsinken ƙayar beguwa take karcen, wani lokaci da yatsa kawai take jan layi a jiƙaƙƙen shafin. Kayan cibiyar suna ɗauke da hatimi a gindi, sunan Abuja da rubutun ajami, kusa da shi kuma alamar wanda ya yi. Tata haruffa biyu ne na boko, LK.

Da a nan ta tsaya, da ta zama ɗaya daga cikin ƙwararrun ma'aikatan cibiyar, shi ke nan. Abin da ya fitar da ita daban shi ne ta ci gaba da gina manyan tulunanta da hannu, tana zagayawa da baya kamar yadda ta koya a Kwali, amma da sabon yumɓun. Wannan ba ƙaramin kasada ba ne. Yumɓun da aka tace ba ya tsayawa da kansa kamar mai tsakuwa, yana son ya zauna in bango ya yi tsawo. Yana kuma ƙanƙancewa sosai wajen bushewa da tuya, kuma duk inda kaurin bango bai daidaita ba, ko wata gaɓa ba ta haɗe da kyau ba, a nan wuta za ta tsaga shi. Tulun da aka yi kwanaki ana gini da zane yana iya fitowa a fashe, ba kuwa yadda za a mayar da shi.

Sai matsalar zane. Shafi mai kauri yana cike tsagi ya binne ƙadangaren da aka sha wahalar zanawa. Maganin da aka samu shi ne a cusa farin yumɓu cikin kowane tsagi, a goge na sama, sannan a rufe tulun da shafi mai barin ido ya ga abin da ke ƙarƙashinsa. In ya fito daga wuta sai ka ga jikin tulun ya yi duhu, kore-kore ko ruwan ƙasa mai sheƙi, dabbobin kuma sun taso da haske kamar ana hango su a ƙarƙashin ruwa. A gargajiya zanen Gwari inuwa ce ke nuna shi, sai ka matso kusa ko rana ta karkata. A sabon aikin daga nesa yake kiran ido.

Ga riba, ga kuma hasara, domin tulun ya daina gumi. Siffarsa ta ɗiban ruwa ce, aikinsa kuwa ya koma na kallo. Matar Kwali da ke ɗora kaya a kafaɗa, kamar yadda matan Gwari suka saba, ba abin da za ta yi da shi, ba ta kuma da kuɗinsa. Masu sayen kayan Abuja yawancinsu Turawa ne ma'aikatan gwamnati da manyan 'yan boko. Burin da aka kafa cibiyar dominsa, wato talaka ya ci tuwo a farantin da aka yi a ƙasarsa, bai cika ba, don kuwa kwanon samira da langa da fanteka sun fi araha, ba sa fashewa, kuma su ne uwa ke jera wa 'yarta a ɗaki. Bayansu roba ta zo ta ƙarasa.

Akwai masu ganin cewa an raba Ladi da mutanenta ne aka mayar da ita mai yi wa Turawa kayan ado. Ban ɗauki maganar da wasa ba, amma ban yarda da ita duka ba. Ba a hana matan Kwali ci gaba da gina tulun da ke sanyaya ruwa ba, kuma roba da kula ne suka ci kasuwarsu, ba tanderun Abuja ba. Sannan koyon bai tafi ta hanya ɗaya ba. Cardew kansa ya ɗauki siffar tukunyar miyar Gwari, mai faɗin ciki da kaifin ƙugu, ya riƙa yin irinta a kan keke har bayan ya koma Ingila, kuma da sunan Gwari ake sayar da ita. Zuwan Ladi ya buɗe wa wasu mata ƙofa: Halima Audu, da Asibi Ido, da Kande Ushafa. Aka ware musu wurin aikinsu da ake kira Ɗakin Gwari, inda ake gini da hannu, kuma manyan tulunan da ke fitowa daga wannan ɗaki su ne suka fi ɗaukaka sunan cibiyar a waje. Makarantar da aka buɗe don a koya wa maza aikin keke, sai ga shi da aikin matan da ba sa buƙatar keke aka fi saninta.

Mu da ke Abijan muna da misali makamancin wannan a kusa. Christian Lattier, ɗan Grand-Lahou, wanda shi ma a 1925 aka haife shi, ya yi karatun sassaƙa a Faransa, amma ya ajiye dutse da katako ya koma ɗaure igiya a kan waya da hannunsa, har aikinsa ya ci babbar kyauta a bikin fasahar baƙar fata na Dakar a 1966. Shi ya fito daga makaranta ya nemi kayan aikin talaka, ita ta fito daga ƙauye ta shiga kayan aikin makaranta. Tambayar da suka fuskanta ita ce ke gaban madinkin Treichville da aka kawo wa keken surfani mai kwamfuta, da badukun da fata ta yi wa tsada ya koma ledar roba, da mai zuba tukwanen alminiyom da ke narka gwangwani: in kayan aiki suka canza, me ya rage wanda yake naka? A wurin Ladi amsar a bayyane take. Ko an ɗauke hatimin gindi, mai ido zai gane ƙugun tulunta da hawainiyarta.

Tafiye-tafiye da lambobi

An nuna kayan Abuja a zauren Berkeley da ke Landan a 1958 da 1959 da 1962, tulunanta suka fi komai jan hankali. A farkon shekarun 1960 ta je Ingila da kanta, ta yi gini a gaban ɗalibai da malaman fasaha, ta kuma je Faransa da Jamus. Ba lacca take yi ba. A kawo mata yumɓu, ta ɗaura zane, ta sunkuya, kafin 'yan kallo su ankara tulu ya tashi. Ga mutanen da suka ɗauka ba a samun da'ira sai da keke, wannan kaɗai ya isa darasi. Sarauniyar Ingila ta ba ta lambar MBE. Cardew ya bar Abuja a 1965, Michael O'Brien ya karɓi cibiyar, ita kuwa ta ci gaba da aikinta. A 1972 ta zagaya Amurka tare da Cardew da Kofi Athey, maginin Gana da ya biyo shi tun daga Vume, suna nuna aiki a jami'o'i da makarantun fasaha.

Gida ma bai bar ta a baya ba. Digirin girmamawa na Zariya ya zo a 1977, lambar NNOM, wadda ita ce mafi girma da Najeriya ke ba masu ilimi da fasaha, a 1980, sai OON a 1981. A matsayina na malamin makaranta, ta 1980 ɗin ce ta fi tsaya mini a rai, don lamba ce da aka saba ba farfesoshi. A azuzuwanmu, nan da can gida, darasin aikin hannu shi ne na farko da ake sadaukarwa in lokaci ya ƙure, yaron da ya iya gini da laka kuma sai a ce masa ya bar wasa ya ɗauki littafi.

Cikin waɗanda suka zauna gabanta akwai wata budurwa 'yar Kenya mai karatu a Ingila, Magdalene Odundo, wadda ta zo Abuja a 1974 bisa shawarar Cardew ta koyi gini da hannu. Yau tana cikin mashahuran magina na duniya. Abin sha'awa, ita ba ta bi hanyar shafin gilashi ba, ta koma ga goge jikin tukunya da dutse har ya yi santsi da ƙaramar wuta, wato kusa da inda Ladi ta faro.

Sarki Sulaimanu Barau ya rasu a 1979, Cardew a 1983. Ladi Kwali ta bi su ranar 12 ga Agusta, 1984, a Minna. An sa wa cibiyar Suleja sunanta, haka ma wani titi a sabuwar Abuja. A 2007 Babban Bankin Najeriya ya fitar da sabuwar naira ashirin ta leda, Janar Murtala Muhammad a gaba, ita a baya tana aikin tukunya, kuma ita ce mace ɗaya tilo da aka sa a takardar naira da sunanta. A wannan sauyin ne aka cire ajami daga ƙananan takardun kuɗi, rubutun da ke gindin kayan da ta yi a Abuja. A 2022 an yi baje kolin aikinta a Landan tare da na matan da suka biyo sawunta, kuma tulunanta na tashi dubban fam a wuraren gwanjo na Turai. Cibiyar Suleja kuwa, jaridun Najeriya sun sha ba da rahoton yadda ta lalace. A Ushafa da Kwali har yanzu akwai matan da ke gini.